Fashin baƙi: Shin akwai adalci a hukuncin wuce ƙa'idar gudu a layin gyara na tseren NASCAR?

A ranar 26 ga Yulin 2009, direban nan ɗan ƙasar Kolombiya, Juan Pablo Montoya, ya kusa kafa tarihi a filin tseren motoci na Indianapolis da ke jihar Indiyana ta Amurka. Cikin zagaye 160 na tseren wannan rana, shi ne ya jagoranci zagaye 116, kuma babu wata mota da ta nuna alamar za ta iya cim masa. Da ya yi nasara, da ya zama mutum na farko da ya haɗa kofin Brickyard 400 da na Indianapolis 500, wanda ya ɗauka a shekarar 2000.

Ana saura zagaye kusan 35 ya shiga layin gyara domin shan mai da sauya tayoyi. Na'urar alƙalai ta nuna cewa a wurare biyu ya yi gudun mil 60.06 da mil 60.11 cikin sa'a guda, alhali wanda ya kai mil 60 ya faɗa cikin laifi. Aka hukunta shi, ya ƙare a matsayi na 11, Jimmie Johnson ya lashe tseren. An ji Montoya ta rediyon motarsa yana rantsuwa da 'ya'yansa da matarsa cewa bai wuce ƙa'ida ba.

Har yau ana kafa hujja da wannan rana a duk lokacin da muhawara ta tashi kan hukuncin gudu a layin gyara. Tambayar da masu sha'awar wasan ke yi ita ce: daidai ne ɗan ƙetaren da idon ɗan Adam ba zai iya gani ba ya rushe aikin yini guda?

Mene ne layin gyara?

NASCAR ita ce hukumar da ke shirya tseren motoci mafi farin jini a Amurka. An kafa ta a 1948 a garin Daytona Beach na jihar Fulorida, ƙarƙashin jagorancin Bill France. Motocinta suna da siffar motocin da ake sayarwa a kasuwa, amma an ƙera su musamman domin tsere, kuma kowace tana da nauyin kimanin tan ɗaya da rabi. A manyan filaye gudunsu yana haura kilomita 300 cikin sa'a.

Tseren yakan kai mil 400 ko 500, saboda haka dole kowace mota ta tsaya sau da yawa a zuba mata mai, a sauya mata tayoyi. Ana yin wannan aiki a wani titi da ke gefen filin, wato layin gyara. Kowace mota tana da gurbinta da aka shata da fenti. Da zarar ta tsaya, ma'aikata biyar za su tsallako wata gajeriyar katanga da jak da tayoyi da tulun mai, su gama aikin cikin daƙiƙa goma ko abin da ya yi kusa da haka. A lokacin da suke durƙushe a gefen motarsu, wasu motocin na wucewa dab da bayansu.

Asalin dokar

Har zuwa ƙarshen 1990 babu iyakar gudu a layin gyara. Direba yakan shigo da duk gudun da ya ga zai iya tsayar da motarsa. A tseren ƙarshe na wannan shekara, wanda aka yi a filin Atlanta cikin watan Nuwamba, motar Ricky Rudd ta ƙwace masa yayin da ya taka birki zai shiga gurbinsa, ta juya ta daki motar Bill Elliott da ake cikin sauya wa taya. Mike Rich, mai sauya tayar baya a ayarin Elliott, ya maƙale tsakanin motocin biyu, kuma ya rasu sakamakon raunukan da ya samu.

Wannan rashi ya tilasta wa hukumar sake duba al'amarin. A farkon kakar 1991 ta gwada hana sauya taya a lokacin da aka ɗaga tutar gargaɗi, ta kuma gwada raba motoci gida biyu domin kada su shigo gaba ɗaya. Dabarun sun jawo ruɗani, daga bisani cikin wannan shekara ta tsaya a kan ƙayyade gudu, tsarin da ake bi har yanzu.

Gasar Formula 1 ma ta bi irin wannan hanya. A 1994, a filin Imola na Italiya, taya ta fice daga motar Michele Alboreto a cikin layin gyara ta raunata makanikai, kuma nan da nan aka sanya iyakar gudu a gasar.

Yadda ake auna gudun

Kowane fili yana da tasa iyakar, gwargwadon tsawon layinsa da faɗinsa. A manyan filaye kamar Daytona da Talladega da Indianapolis, iyakar ita ce mil 55 cikin sa'a, kimanin kilomita 88. A matsakaita kamar Charlotte mil 45 ne, a ƙanana kuwa kamar Martinsville da Bristol mil 30, wato kusan kilomita 48.

A kan wannan iyaka hukumar ta ƙara rangwamen da bai kai mil biyar ba. Inda doka ta ce 55, direba na iya yin 59.99 ba tare da an taɓa shi ba, amma da ya kai 60 hukunci ya hau kansa.

A shekarun farko jami'ai ne ke tsayawa da agogon hannu suna auna motocin da suka zaɓa. Wannan ya sa ana yawan zargin son kai, domin babu yadda za a auna kowace mota a kowane lokaci. Daga 2005 aka koma amfani da na'ura. An binne wayoyi a ƙarƙashin titin, sun raba shi kashi-kashi, kowace mota kuma tana ɗauke da wata ƙaramar na'ura mai aika sako idan ta tsallaka waya. Kwamfuta na lissafa lokacin da motar ta ɗauka daga wannan waya zuwa ta gaba, ta raba tsawon wurin da lokacin. Abin da ake hukunci da shi ke nan: matsakaicin gudu a cikin kowane kashi. Ƙetare a kashi ɗaya tak ya isa.

Wani abin da ke ba baƙon wasan mamaki shi ne motocin NASCAR ba su da ma'aunin gudu irin na motar gida, kuma an haramta musu maɓallin nan da direban Formula 1 ke dannawa ya riƙe masa mota a kan iyaka. Abin da direba ke dogaro da shi shi ne ma'aunin juyin inji. Kafin a fara tsere, motar jagora takan zagaya da su a daidai gudun layin gyara, kowane direba ya duba yawan juyin da injinsa ke yi a giyar da zai shiga da ita, galibi giya ta biyu. Injiniyoyin ayari sai su lissafa yadda za a ci moriyar rangwamen, su saita fitilu a gaban direba masu sauya launi idan ya kusa iyaka. Tun 2016 allon lantarki ya maye gurbin tsofaffin agogunan a babbar gasar, amma tushen lissafin bai sauya ba.

Hukunce-hukuncen

Nauyin hukuncin ya danganta da tutar da ke sama a lokacin da aka yi laifin. Idan koriyar tuta ce, wato ana tsaka da tsere, za a umarci direba ya sake ratsa layin gyara daga farko zuwa ƙarshe a kan ƙa'idar gudu, abokan hamayyarsa kuwa suna ta tsala gudu a fili. Idan ya sake ƙetare iyaka a yayin wannan ratse, sai a ce ya dawo ya tsaya cik a gurbinsa kafin ya wuce. Wanda ya ƙi bin umarni, akan daina ƙirga masa zagaye.

Idan kuwa tuta mai ruwan ɗorawa ce, wato an rage gudu saboda haɗari ko tarkace a kan hanya, sai a mayar da shi can bayan jerin motoci kafin a ci gaba. Irin wannan hukunci na cikin tsere ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Da an kaɗa tutar ƙarshe, magana ta ƙare.

Hujjar masu cewa da sauran gyara

Ƙorafi na farko shi ne hukuncin bai san babba da ƙarami ba. Wanda ya wuce da kashi ɗaya cikin ɗari na mil, da wanda ya wuce da mil goma, hukuncinsu ɗaya. Domin a ga ƙanƙantar abin, a ɗauki misalin kashi mai tsawon mita 50. Motar da ke gudun mil 60 za ta ratsa shi cikin kimanin daƙiƙa 1.864, mai gudun mil 60.11 kuwa cikin daƙiƙa 1.861. Bambancin kashi uku ne cikin dubu na daƙiƙa, ƙiftawar ido ma ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Ribar da direba ya ci ba ta kai tsawon tafin hannu ba, amma asarar da aka ɗora masa ta haura rabin minti. Masu wannan ra'ayi na nuni da Formula 1, inda ƙaramin ƙetare a lokacin tsere yawanci kan jawo ƙarin daƙiƙa biyar, babba kuma ya jawo abin da ya fi haka tsanani.

Na biyu, laifi ɗaya yana da farashi daban-daban. Wanda aka mayar baya a ƙarƙashin tutar gargaɗi yana nan a zagaye ɗaya da na gaba, idan motarsa na da ƙarfi kuma da sauran lokaci zai iya dawowa. Wanda aka kama a ƙarƙashin koriyar tuta a ƙaramin fili kamar Bristol, inda ake gama zagaye cikin kimanin daƙiƙa 15, kafin ya fito an riga an zagaye shi sau ɗaya ko biyu. A Daytona da Talladega kuma motoci suna tafiya ne a dunƙule, kowace na fakewa da iskar ta gabanta, don haka wanda aka ware shi kaɗai ba ya iya riƙe gudun ayari, sai dai ya jira su zo su wuce shi. Haka nan lokacin da laifin ya faru yana da tasiri. Wanda ya yi shi a farkon tsere yana da sa'o'i na gyara kuskurensa, har da damar nan da aka ƙirƙiro a 2003 ta mayar wa motar farko da ke bayan zagaye guda zagayenta idan an ɗaga tutar gargaɗi. Wanda ya yi shi a tsayawar ƙarshe ba shi da wannan dama.

Abin da ya sami Kevin Harvick ke nan a Atlanta cikin Maris na 2017. Ya jagoranci zagaye 292 cikin 325, aka kama shi da gudu a tsayawarsa ta ƙarshe, ya ƙare na tara, Brad Keselowski ya ɗauki kofin.

Na uku, ana hukunta direba a kan awon da shi kansa ba ya gani. Juyin inji ƙiyasi ne kawai na gudu. Idan iskar taya ta sauya, kewayenta ya sauya, lissafin ma ya ɗan goce. Idan taya ta yi santsi a lokacin tashi, allon zai nuna abin da bai dace da tafiyar motar ba. A filayen da layin gyara yake da kwana, wanda ya bi ta ciki ya rage wa kansa tafiya, sai kwamfuta ta ga ya iso da wuri ko da fitilunsa ba su nuna laifi ba. Saboda haka mai yiwuwa ne direba ya rantse da gaskiyarsa, na'ura ma ta kasance da gaskiyarta.

Na huɗu shi ne batun gurbi. Tun da matsakaicin gudu ake aunawa, kashin da gurbin direba yake ciki ba shi da wata barazana gare shi, domin tsayawar da zai yi za ta ja lissafin ƙasa. Ayarori sun daɗe da gane haka, suka riƙa zaɓen gurbin da zai ba direba fili mafi tsawo na taka totur kafin ya tsaya ko bayan ya tashi. Kuma tun da waɗanda suka yi fice a gwajin share fage ne ke fara zaɓe, masu ƙarfi ne ke samun wannan garaɓasa. Sakamakon haka shi ne wani na iya yin gudun da ya zarce iyaka sosai a kusa da ma'aikata ya tsira, wani kuma a kama shi da ɗigo a wurin da babu kowa.

Hujjar masu goyon bayan tsarin

Masu kare hukumar suna fara amsarsu da rangwamen. A cewarsu, Montoya bai wuce ƙa'ida da mil 0.11 ba, ya wuce ta da mil 5.11, domin dokar filin 55 ce. An ba da rangwamen ne saboda an san motocin ba su da ma'aunin gudu, amma ayarori suka mayar da shi sabuwar iyaka, suna saita fitilunsu dab da bakin rami. Wanda ya zaɓi ya bar wa kansa tazarar mil ɗaya ba za a taɓa kama shi ba, sai dai zai yi asarar ɗan lokaci a kowace tsayawa. Caca ce da kowane ayari ke yi ido buɗe. Kuma ko an ƙara rangwamen zuwa mil shida, gobe za a sami wanda aka kama da 6.01.

Game da sassauta hukuncin ƙaramin ƙetare, suna ganin hakan zai mayar da doka abin ciniki. Idan injiniya ya san farashin mil ɗaya daƙiƙa kaza ne, zai zauna ya lissafa lokacin da biyan tarar ya fi riba, musamman a zagayen ƙarshe inda fita gaban abokin hamayya ke yanke nasara. Tsananin hukuncin shi ne ke hana wannan lissafi. Suna kuma tuna wa jama'a cewa ƙarfin bugun mota yana ƙaruwa fiye da yadda gudunta ke ƙaruwa: daga mil 55 zuwa 60 kaɗai, ƙarfin ya ƙaru da kusan kashi 19 cikin ɗari, kuma mutanen da ke durƙushe a wurin ba su da wata kariya sai hular kwano da rigar wuta.

Hujja ta uku ita ce na'ura ba ta san suna ba. A wasan da ake yawan zargin alƙalai da fifita taurari, wannan na cikin hukunce-hukunce ƙalilan da ra'ayin mutum ba ya shiga. Jimmie Johnson, wanda ya ci moriyar hukuncin Montoya, shi ma an kama shi a Martinsville cikin Afrilun 2011 yana riƙe da kambun gasar. Ya fito ya musanta da kakkausar murya, amma bayan kwanaki kaɗan ya nemi afuwa, ya ce ya gano cewa kashin da yake magana a kai daban ne da wanda aka kama shi a ciki. Duk da haka ya tsaya a kan kiran da ya yi cewa a riƙa nuna alƙaluman gudun kowa a fili a lokacin da ake tseren. Harvick ma bai ɗora wa kowa laifi ba a 2017, ya amsa cewa kuskurensa ne.

Dangane da maɓallin riƙe gudu, hukumar ta daɗe a kan matsayin cewa sarrafa mota a layin gyara wani ɓangare ne na gwanintar direba. Saukowa daga gudun kilomita 300 zuwa 88 a daidai layin shiga, da riƙe ƙafa a kan totur ba tare da rawa ba alhali ana neman gurbi cikin cunkoso, fasaha ce da ke bambanta direbobi. Idan na'ura ta karɓi wannan aiki, an cire wani abu daga gasar.

Gyaran da aka yi

Hukumar ta amsa wasu daga cikin ƙorafe-ƙorafen a aikace. A 2015 ta kafa kyamarori masu sa ido a kan kowane gurbi, domin kama laifuffuka irin su tsallako katanga da wuri ko barin taya ta gangara. A tsakiyar kakar 2016 kuma ta ƙara yawan wayoyin awo, kashi-kashin suka gajarce. Wannan ya rage filin da direba ke da shi na taka totur a kusa da gurbinsa, ya kuma rage fifikon da wasu guraben ke da shi a kan wasu.

Sai dai gyaran ya zo da nasa nauyin. A dogon kashi, direban da ya ga ya ɗan zarce yana iya ɗaga ƙafa ya daidaita lissafin kafin ya kai waya ta gaba. A gajeren kashi babu wannan sarari, ɗan motsin ƙafa ya isa ya jawo hukunci. Adalcin da aka samu tsakanin gurabe an biya shi da ƙarin tsanani a kan kowa.

Inda muhawarar ta tsaya

Idan aka tattara hujjojin, za a ga ɓangarorin biyu suna magana ne a kan ma'anoni biyu na adalci. Idan ana nufin a yi wa kowa awo da mudu ɗaya, tsarin ya cika sharaɗi tun daga 2005: iyaka sananniya ce, ana sanar da wuraren da wayoyin suke kafin tsere, kuma zakara da sabon shiga duk hukuncinsu ɗaya. Idan kuwa ana nufin hukunci ya yi daidai da girman laifi, to akwai giɓi, domin tuta da fili da lokaci ne ke yanke yawan asarar, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke hannun direba.

Shawarwarin da aka fi ji su ne uku: a halatta maɓallin riƙe gudu, a rarraba hukunci hawa-hawa, ko a daidaita nauyinsa tsakanin koriyar tuta da ta gargaɗi. Kowace tana da abin da za ta ci. Ta farko za ta rage rawar direba, ta biyu za ta buɗe ƙofar lissafin riba da asara, ta uku kuma za ta buƙaci a tsayar da mota a gurbinta na wani lokaci ko da an rage gudu, abin da zai ƙara wa dokokin sarƙaƙiya.

Ma'aikatan da ke tsallaka katanga ba safai ake jin muryarsu a wannan muhawara ba, alhali saboda su aka kafa dokar bayan rasuwar Mike Rich. Har yanzu mota takan buge su, ana samun karaya da targaɗe, amma a gudun da ya yi ƙasa sosai da na shekarun da babu iyaka. Duk wani sassauci da hukumar za ta duba nan gaba, sai ta auna shi da lafiyar waɗannan mutane biyar da ke durƙushe a gefen kowace mota.